Prostate: Yadda kalmar Girkanci mai nufin "majiɓinci" ta zama sunan gaɓar da ke hana dattawa barci

A watan Janairun 2024 fadar Buckingham ta sanar da cewa za a kwantar da Sarki Charles na Uku na Birtaniya a asibiti, domin a yi masa aiki a kan wata gaɓa da ta ƙara girma a ƙasan mararsa. A watan Mayun 2025 kuma ofishin tsohon Shugaban Amurka Joe Biden ya bayyana cewa likitoci sun gano sankara a irin wannan gaɓa tasa, har ta kai ga ƙashi. A duka lokutan biyu masu fassara labarai zuwa Hausa sun ci karo da matsala ɗaya, wato kalmar prostate, wadda ba ta da takamaiman suna da kowa ya amince da shi a harshen. Da yawa sukan rubuta "mafitsara" su wuce, alhali kuwa mafitsara daban, wannan gaɓa daban, ko da yake maƙwabtan juna ne na kusa.

Ba Hausawa kaɗai suka sha wahalar raɗa wa wannan gaɓa suna ba. Su kansu Turawan da suka raɗa mata shi aro suka yi daga Girkanci, kuma tarihi ya nuna cewa a wajen aron an samu tuntuɓen alƙalami. Kalmar da a yau ke tsorata magidanta a ɗakin likita ta shafe ɗaruruwan shekaru tana nufin shugaba, ko mai tsaya wa baƙo a kasuwa da kotu, ba tare da ta taɓa shafar jikin ɗan Adam ba.

Gaɓar da ake magana a kanta

A asibitocinmu likitoci da ma'aikatan jinya sukan faɗi sunan da Turanci, a bakin Bahaushe kuma yakan fito kamar "furostet". Wani ɗan curin nama ne da maza kaɗai ke da shi. A jikin matashi girmansa bai wuce na matsakaicin goro ba, nauyinsa kuma kimanin giram 20. Yana zaune ne daidai ƙarƙashin mafitsara, a gaban ƙarshen hanji, kuma bututun da ke fitar da fitsari daga mafitsara ta tsakiyarsa yake ratsawa, kamar yadda zare ke ratsa dutsen tasbaha.

Aikinsa bai shafi fitsari ba, na haihuwa ne. Shi ke samar da wani farin ruwa da ya kai kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na maniyyi, wanda ke taimaka wa ƙwayoyin haihuwa su rayu su kuma yi tafiya. Amma da yake ya rungume hanyar fitsari, duk abin da ya same shi a fitsari ake fara ganinsa. Wannan ne ya sa jama'a ke ɗora laifin a kan mafitsara.

Asalin kalmar

A tsohon harshen Girkawa, waɗanda littattafan Larabci ke kira Yunanawa, kalmar ita ce *prostates*, kuma gaɓoɓi biyu aka haɗa aka gina ta. Na farko shi ne *pro*, ma'ana "gaba" ko "a gaban". Na biyu ya fito daga aikatau *histanai*, wanda ke nufin tsayawa ko tsayarwa. Idan aka haɗa, sai ma'anar ta zama "mai tsayawa a gaba".

Wannan saiwa ta "tsayawa" tana da dangi masu yawa a harsunan Turai da na Asiya, domin Girkanci da Latinanci da Farisanci duk kakansu ɗaya. Daga gare ta Latinanci ya samu *statio*, wurin tsayawa, wadda ta shiga Ingilishi ta zama *station*, Bahaushe kuma ya karɓa ya mayar da ita "tasha". Ita ce kuma "stan" ɗin da ke ƙarshen sunayen Pakistan da Afganistan, wadda a Farisanci ke nufin wuri ko ƙasa. Ke nan direban da ke lodi a tasha da likitan da ke duba furostet suna amfani da kalmomin da suka fito daga tsatso guda, ko da ba su sani ba.

A wurin Girkawa, mai tsayawa a gaba yana iya zama sojan da ke sahun farko a fagen daga. Daga nan ma'anar ta faɗaɗa ta haɗa da jagora, da shugaban taro, da mai kare wani ko ɗaukar nauyinsa. Kalmomin Hausa da suka fi kusa da ita su ne "majiɓinci" da "uban gida".

Fatoman birnin Atina

A ƙarni na 5 da na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), birnin Atina da tashar jiragen ruwansa ta Piraeus sun cika da baƙi mazauna, waɗanda ake kira *metoikoi*. Yawancinsu 'yan kasuwa ne da masu sana'ar hannu da suka zo daga wasu garuruwa. Doka ba ta ba su damar jefa ƙuri'a ba, ba kuma sa mallakar fili ko gida sai da izini na musamman. Suna biyan harajin zama na dirakma 12 a shekara ga namiji, 6 ga macen da ke zaman kanta. Bayan wannan, wajibi ne kowane baƙo ya samu ɗan gari wanda zai tsaya masa a gaban hukuma. Wannan ɗan gari shi ake kira *prostates*. Baƙon da aka kama ba shi da mai tsaya masa ana iya gurfanar da shi a kotu, kuma idan laifin ya tabbata hukuncin yakan kai ga a sayar da shi a matsayin bawa. Shahararren masanin falsafa Aristotle ma, da yake haifaffen Stagira ne, zaman baƙunci ya yi a Atina.

Ɗan kasuwar Hausa ba zai ga baƙon abu a wannan tsari ba. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, da masu kai shanu kasuwannin Kudu, sun san matsayin fatoma, wato mai masaukin da ke karɓar baƙon ɗan kasuwa, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya kuma tsaya masa idan an yi ciniki bashi ko rigima ta tashi. Bambancin kawai shi ne a Atina doka ce ta wajabta, a zango kuwa al'adar kasuwanci da amana ne suka kafa shi.

Kalmar ta kuma shiga siyasa. Akwai wani littafi a kan tsarin mulkin Atinawa da ake jingina wa Aristotle ko ɗalibansa, wanda ya ɓace tsawon ƙarnoni kafin a gano shi a rubuce a kan takardar papirus a Masar, aka buga shi a Landan a 1891. A cikinsa an jero manyan 'yan siyasar da suka riƙe matsayin *prostates* na talakawa, wato jagoran da ke tsaya wa jama'a a gaban masu hannu da shuni. Solon ne na farko a jerin, kuma akwai Cleisthenes da Pericles a ciki. Har yau a Girkancin zamani kalmar, wadda suke furtawa *prostatis*, tana ɗauke da ma'anonin biyu: mai kariya, da kuma gaɓar jikin namiji.

Abin da likitocin Girka suka faɗa

An daɗe ana rubutawa a littattafan likitanci cewa wani likita mai suna Herophilus ne ya raɗa wa gaɓar wannan suna. Herophilus haifaffen Chalcedon ne, a yankin da yau yake cikin birnin Istanbul, ya kuma yi aiki a Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A zamaninsa sarakunan gidan Ptolemy sun ba likitoci izinin feɗe gawar mutum domin nazari, abin da ba a saba yarda da shi ba a duniyar Girkawa. Saboda haka ya ga abubuwan da na gabansa ba su gani ba, ya kuma raɗa wa sassan jiki da dama suna. Shi ne, alal misali, ya kira farkon ƙaramin hanji "mai yatsu goma sha biyu" saboda tsawonsa, sunan da fassararsa ta Latinanci ke nan har yau a littattafan likitanci.

Littattafan Herophilus sun ɓace. Abin da aka sani game da shi ya zo ne ta bakin waɗanda suka biyo baya, musamman Galen, wanda Larabawa ke kira Jalinus, da aka haifa a shekara ta 129 bayan haihuwar Annabi Isa (AS) a garin Pergamon. Da masana suka koma ga waɗannan rubuce-rubuce suka duba da kyau, sai suka tarar cewa kalmar da Herophilus ya yi amfani da ita ita ce *parastatai*, ba *prostatai* ba. *Para* na nufin "a gefe" ko "kusa da". Ke nan *parastatai* su ne "masu tsayawa a gefe", wato mataimaka. Da wannan suna ya kira wasu sassa masu zuwa bibbiyu da ke taimakawa wajen adanawa da tura maniyyi, kuma masana da dama na ganin cewa wasu 'yan jakunkuna biyu da ke bayan mafitsara yake nufi.

Wasu masana tarihin likitanci biyu na Jamus, Franz Josef Marx da Axel Karenberg, sun bi diddigin kalmar a wani nazari da suka wallafa a 2009. Sakamakon da suka fitar shi ne, a tsohon Girkanci ba a taɓa amfani da *prostates* a fagen likitanci ba. Shugaba ko majiɓinci kawai take nufi.

Wannan ba ya nufin mutanen da ba su san wahalar riƙewar fitsari ba. Sun san ta ƙwarai, har sun ƙera mata kayan aiki. Bayan da Hunain ɗan Ishaƙ da ɗalibansa suka fassara littattafan Jalinus zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, likitocin Musulmi sun ɗora a kai. Abul Ƙasim az-Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana yadda ake zura siririn bututun azurfa a fitar wa mara lafiya fitsarin da ya ƙi fita. Sai dai a wancan zamani an fi danganta matsalar ga tsakuwar mafitsara ko wani tsiro a wuyanta. Ita gaɓar kanta ba a ware ta da suna ba.

Inda alƙalami ya yi tuntuɓe

Sai a ƙarni na 16, lokacin da jami'o'in Italiya suka farfaɗo da feɗe gawa domin koyarwa, aka fara bayyana gaɓar a fili. Niccolò Massa, wani likita a birnin Venice, ya siffanta ta a littafinsa na 1536 a matsayin wani nama da wuyan mafitsara ke zaune a kansa. Bayan shekara biyu, a 1538, Andreas Vesalius ya fitar da zanenta. Dukansu biyu ba su kira ta da sunan da aka san ta da shi yanzu ba.

A Faransa sunan ya bayyana. André du Laurens, malami a jami'ar Montpellier kuma likitan Sarki Henri na Huɗu, ya yi amfani da kalmar *prostatae* a babban littafinsa na ilimin sassan jiki da ya fito a 1600, kuma daga nan ta bazu a Turai. Shi da mutanen zamaninsa sun ɗauka cewa kalmar tsofaffin Girkawa suke maimaitawa. A gaskiya *parastatai* ce ta rikiɗe, "gefe" ya koma "gaba", abin da ba shi da wuyar faruwa a zamanin da littattafai suka shafe fiye da shekara dubu ana kwafarsu da hannu daga wannan magatakarda zuwa wancan.

Kuskuren bai tsaya nan ba. Sun rubuta kalmar a jam'i, domin sun zaci gaɓoɓi biyu ne, dama da hagu. Sun kuma ba ta jinsin mace a nahawun Latinanci, alhali a Girkanci kalmar namiji ce, gaɓar ma ta maza ce. Sai a ƙarni na 18 aka daidaita a kan cewa gaɓa ɗaya ce mai ɓangarori, aka koma kiranta da tilo.

Abin da ya sa sunan ya zauna duk da kuskuren shi ne ya dace da abin da likita ke gani. Ga mutumin da ke tsaye, furostet a ƙarƙashin mafitsara take. Amma ga likitan da ke zura bututu ta hanyar fitsari, ita yake fara tararwa kafin ya isa mafitsara, kamar yadda baƙo ke bi ta zaure kafin ya shiga cikin gida. Saboda haka "mai tsayawa a gaba" ya zauna daram.

Wasu harsunan ma fassara ma'anar suka yi kai tsaye maimakon aron lafazin. Jamusawa suna da *Vorsteherdrüse*, Rashawa da Japanawa su ma sunayen da suke amfani da su na nufin gaɓar da ke tsaye a gaba. Larabawa sun ari lafazin suka ce *burustata*. Akwai kuma wani kuskure da ya zama ruwan dare a takardun ofis da na neman hutun jinya, inda ake rubuta *prostrate* da ƙarin harafin "r". Wannan wata kalma ce daban daga Latinanci, mai nufin faɗuwa ƙasa rub da ciki, kuma ba ta da alaƙa da gaɓar.

'Yan uwanta a kamus ɗin likita

Ba ita kaɗai ce kalmar Girkanci da ke cikin sunayen sassan jikin namiji ba. Girkawa suna kiran ɗan maraina *orchis*. Theophrastus, ɗalibin Aristotle wanda ya yi rubutu a kan tsirrai, ya yi amfani da wannan suna ga wani tsiro mai saiwa biyu ƙulu-ƙulu a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan aka samu sunan furen *orchid*, wanda a yau ake sayarwa da tsada a kasuwannin furanni na duniya. Daga nan kuma likitoci suka samu *orchitis*, wato kumburin 'ya'yan maraina. Wani sunan da Girkawa suka ba su shi ne *didymoi*, ma'ana tagwaye, shi ya sa ake kiran murɗaɗɗen bututun da ke kwance a bayan kowannensu *epididymis*, wato "abin da ke kan tagwaye". Wannan ya nuna cewa Girkawa ma, kamar Hausawa, sukan kewaya da siffantawa idan magana ta zo kan al'aura.

Lokacin da mai gadi ya tare ƙofa

Matsaloli uku ne suka fi samun furostet, kuma rarrabe su na da muhimmanci.

Ta farko ita ce ƙarin girma na tsufa. Daga wajen shekara 40 gaɓar takan ci gaba da girma a hankali, ƙarƙashin tasirin sinadarin mazakuta na testosteron. Alƙaluman cibiyoyin lafiya na Amurka sun nuna cewa kimanin rabin maza masu shekara 51 zuwa 60 na da wannan, kuma adadin na kaiwa kashi 90 cikin 100 a tsakanin waɗanda suka haura 80. Girman yakan faru ne a ɓangaren da ke zagaye da bututun fitsari, sai ya matse shi. Alamominsa sanannu ne: tashi fitsari sau da yawa cikin dare, jinkiri kafin ya fara fita, raunin zubarsa, yankewa da dawowa, jin kamar bai ƙare ba, da ɗigo bayan an gama. Dattawa da dama a wajen alwala suke fara lura, idan tsarki ya fara yi musu wuya. Malaman fiƙihu sun yi bayanin hukuncin mai yoyon fitsari da sauƙin da shari'a ta yi masa, amma sauƙin ibada ba ya ɗauke bukatar ganin likita. Wannan girma ba sankara ba ne, ba kuma ya rikiɗewa ya zama sankara. Sai dai idan aka bar shi yana iya kai wa ga fitsari ya tsaya cak, a garzaya da mutum asibiti a sa masa roba, ko kuma fitsarin da ke taruwa ya koma ya lalata ƙoda. Akwai magungunan da ke sassauta matsewar ko rage girman, akwai kuma aikin da ake yi ta hanyar fitsari ba tare da an tsaga ciki ba. Wasu magungunan mura da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba suna iya ƙara tsananta riƙewar fitsari ga mai wannan matsala.

Ta biyu ita ce kumburi, wanda wani lokaci ƙwayoyin cuta ke haddasawa. Yana iya kama matasa da masu matsakaicin shekaru, yakan zo da zafin fitsari, da ciwo a mara ko tsakanin maraina da dubura, wani lokaci da zazzaɓi.

Ta uku ita ce sankara. A 1853 wani likitan tiyata a Landan, John Adams, ya bayar da rahoton cutar, yana ganin ba kasafai ake samunta ba. A yau ita ce sankara ta biyu mafi yawa a tsakanin mazan duniya, bayan ta huhu. Hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an samu sababbin masu ɗauke da ita kusan miliyan ɗaya da rabi, kuma ta kashe kusan mutum 400,000. Wani kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya yi hasashen a 2024 cewa adadin masu kamuwa a shekara zai kai miliyan 2.9 nan da 2040. A Najeriya ita ce sankarar da ta fi kama maza. Baƙar fata sun fi shiga haɗari: a Birtaniya an ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane baƙaƙen fata maza huɗu zai kamu da ita a rayuwarsa, alhali a tsakanin maza baki ɗaya ɗaya ne cikin takwas. Wanda mahaifinsa ko ɗan uwansa na jini ya yi ta shi ma haɗarinsa ya fi na sauran.

Abin da ya sa take yin mummunan kamu shi ne wurin da take tsirowa. Akasarinta tana farawa ne a ɓangaren waje na gaɓar, nesa da bututun fitsari, don haka tana iya shafe shekaru ba ta taɓa fitsari ba. Sau da yawa sai ta kai ga ƙashin baya ko na ƙugu, ciwo ya tsananta, mutum ya rame, sannan a je asibiti. A Amurka, kusan duk waɗanda aka gano tasu tun tana cikin gaɓar suna raye bayan shekara biyar, amma a cikin waɗanda tasu ta riga ta bazu zuwa nesa kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke kaiwa haka. Ko a wannan mataki akwai abin yi. Tun a 1941 Charles Huggins na Jami'ar Chicago ya nuna cewa rage sinadarin mazakuta na dakushe cutar, binciken da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1966, kuma har yau a kansa ake gina jinyar waɗanda tasu ta yi nisa.

Illar kiranta "mafitsara"

A nan ne batun suna ya wuce gardamar masana harshe. Mafitsara tana da tata sankarar daban, wadda ke kama maza da mata, kuma babbar alamarta fitsarin jini ne. Daga cikin abubuwan da ke jawo ta akwai shan taba da kuma tsargiya da ta daɗe a jiki, cutar da aka sani sosai a garuruwan da ke kusa da madatsun ruwa da fadamun noman rani. Idan aka kira cututtukan biyu da suna ɗaya, magidanci zai iya cewa tunda fitsarinsa ba jini kuma ba ya masa ciwo, lafiyarsa ƙalau, alhali sankarar furostet a farkonta ba ta nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wani kuma da aka ce masa gaɓar ta ƙara girma sai ya ɗauka an yanke masa hukuncin kisa, alhali abin da ke damunsa na tsufa ne mai magani.

Rashin suna yana kuma buɗe ƙofa ga masu tallar magani da lasifika a kasuwanni da tashoshin mota, waɗanda ke tattara duk wata matsalar mara su kira ta "sanyi" ko "basir", su sayar da kwalba ɗaya a matsayin maganin duka. Watannin da ake ɓatawa ana gwada irin waɗannan su ne sau da yawa ke raba cutar da za a iya cirewa da wadda ta riga ta bazu. Ga kuma kunya, wadda ke sa dattijo ya shekara yana tashi sau biyar a dare bai faɗa wa ko iyalinsa ba. Hausawa kuwa sun ce mai ɓoye ciwonsa, ciwo zai ɓoye shi.

Wasu fitattun mutane sun zaɓi su fasa wannan shiru. Archbishop Desmond Tutu na Afirka ta Kudu ya bayyana tasa a 1997, ya kuma rayu har zuwa 2021. An gano ta Nelson Mandela a 2001, aka yi masa jinya, ya rayu har 2013. A Najeriya, Farfesa Wole Soyinka ya fito a 2014 ya shaida wa manema labarai cewa ya yi fama da ita kuma an yi masa magani, yana mai kira ga maza su riƙa zuwa gwaji.

Gwajin farko ba shi da wahala. Akwai na jini da ake kira PSA, wanda ke auna wani sinadari da gaɓar ke fitarwa. Hawansa ba ya nufin lallai akwai sankara, domin girman tsufa da kumburi su ma suna ɗaga shi, shi ya sa likita ne kaɗai zai fassara sakamakon. Akwai kuma dubawa da yatsa ta dubura, wadda ba ta wuce minti ɗaya ba, kuma ita ce maza suka fi gudu. Idan an ga abin zargi sai a ɗauki hoto, a kuma tsinko ɗan ƙaramin nama a auna, wanda shi ne ke tabbatarwa. Ƙungiyar yaƙi da sankara ta Amurka na ba da shawarar namiji ya fara tattauna batun gwajin da likitansa a shekara 50, amma baƙar fata da wanda mahaifinsa ko ɗan uwansa ya kamu da ita da wuri su fara a 45. Ana yin gwajin PSA a asibitocin koyarwa da manyan asibitocin gwamnati da ɗakunan gwaji masu zaman kansu a yawancin manyan biranen ƙasar nan.

Har zuwa lokacin da masana Hausa da likitoci za su zauna su tsayar da suna ɗaya, abin da ya fi amfani ga mara lafiya shi ne idan an ce masa "mafitsara" ya tambayi likita a fili: jakar fitsarin ce kanta, ko kuwa gaɓar da ke ƙarƙashinta? Idan kuma gaɓar ce, girman tsufa ne, ko kumburi, ko sankara? Amsar waɗannan tambayoyi biyu ita ke nuna irin maganin da za a nema da kuma gaggawar da ya kamata a yi.